Tambayoyi da Amsoshi kan Furotin Makarɓa na Binciken Jijiyoyin Jini da Adana Su a Ɗakin Gwaji a Kano

Waɗannan su ne tambayoyin da ɗaliban digiri na biyu da na uku da ma'aikatan ɗakin gwaji suka fi yi idan bincikensu ya biyo ta kan jijiyoyin jini. Adadin da muka bayar su ne waɗanda aka saba gani. Idan takardar bayanin da ta zo da kwalbarku ta faɗi wani abu daban, ita za ku bi.

Mene ne furotin makarɓi, kuma me ya haɗa shi da jijiyoyin jini?

Cikin kowace jijiyar jini shimfiɗe yake da siraran ƙwayoyin halitta da ake kira endotiliyam. A jikin fatar kowace ƙwaya akwai furotin da ya ratsa ta, kansa a waje, gindinsa a ciki. Idan sinadarin da ke ɗauke da saƙo ya zo ya maƙale a kan, sai gindin ya tayar da aiki a cikin ƙwayar: ta rabu biyu, ko ta matsa gaba don a tsirar da sabuwar jijiya, ko ta saki maƙwabciyarta ruwa ya riƙa yoyo. Wannan furotin shi ne makarɓi.

A 1971 Judah Folkman ya kawo hujjar cewa ƙarin ciwon daji ba ya girma sai ya janyo wa kansa sababbin jijiyoyi. A 1989 Napoleone Ferrara da abokan aikinsa suka ware VEGF, babban sinadarin da ke ba da umarnin tsirar jijiya. Daga nan aka shiga neman makarɓansa, har aka iya kera su a ɗakin gwaji.

Wane makarɓi ne ke kama wane sinadari?

A nan ake yawan sayen abin da bai dace da aikin ba. VEGFR1, makarɓin VEGF na ɗaya wanda ake kira Flt-1, yana kama VEGF-A da VEGF-B da PlGF, dukansu dangin VEGF ne. VEGFR2, wato KDR a ɗan Adam ko Flk-1 a ɓera, yana kama VEGF-A, amma ba ya kama PlGF ko VEGF-B. Don haka wanda ke aiki kan PlGF ya sayi VEGFR2 ya zubar da kuɗinsa. VEGFR1 ya fi riƙe VEGF-A da ƙarfi, kusan ninki goma, duk da cewa yawancin saƙon tsirar jijiya ta VEGFR2 yake bi. VEGFR3 na VEGF-C ne da VEGF-D, kuma aikinsa ya fi yawa a magudanan limfa.

Makarɓin Tie2 yana kama Ang-1 da Ang-2, sinadarai masu tsara ƙarfin bangon jijiya. Ɗan'uwansa Tie1 ba ya kama su kai tsaye. Neuropilin-1 mataimaki ne da ke riƙe VEGF165, wani nau'in VEGF-A, sosai. ALK1 da endoglin suna kama BMP9 da BMP10. PDGFR-beta yana kama PDGF-BB, kuma ana samunsa a ƙwayoyin da ke naɗe ƙananan jijiyoyi ta waje suna ƙarfafa su.

Yaya ake haɗa shi, kuma me "Fc" ɗin da ke jikin sunan yake nufi?

Ana ɗaukar ƙwayar gadon da ke ɗauke da tsarin makarɓin, a yanke ɓangaren da ke ratsa fata da na ciki, a bar kan kaɗai, a sa shi cikin ƙwayoyin da ake kiwo a kwalba su riƙa fitar da shi. Galibi ana manna masa jelar antibodin ɗan Adam nau'in IgG1, ita ce Fc. Antibodi furotin ne na garkuwar jiki. Jelar tana haɗa kawuna biyu wuri guda, abin da ke ƙara ƙarfin kamu, tana sauƙaƙa tacewa da Protein A, furotin da ke kama jelar, tana kuma ba da wurin da antibodi na biyu zai kama a gano furotin ɗin.

Abin da ya fito ba ya aika saƙo. Yana yawo ne a ruwa yana cafke sinadarin kafin ya isa makarɓin gaskiya, kamar tarkon da aka ɗana a bakin hanya. Maganin ido aflibercept, da aka amince da shi a Amurka a 2011, da wannan dabara aka yi shi: sashe na 2 na VEGFR1 da sashe na 3 na VEGFR2 a kan jelar Fc.

A kula da irin ƙwayar da aka haɗa shi a ciki. Makarɓan nan lulluɓe suke da sarƙoƙin suga, kuma suna da haɗin salfa da yawa. Bakteriyar E. coli ba ta ɗora wannan suga. Ƙwayoyin ƙwari irin su Sf21 suna ɗorawa, amma gajere. CHO da NS0 da HEK293, ƙwayoyin halittu masu shayarwa, su ne suka fi kusa da na jiki, su muka fi ba da shawara ga aikin da za a zuba wa ƙwayoyi masu rai.

Wannan bincike ya shafi cututtukan da muke gani a Kano?

Ƙwarai kuwa. Hawan jinin masu juna biyu da jijjiga, waɗanda ɗakunan haihuwa na Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala suka sani sarai, suna da alaƙa da makarɓi mai yawo na jiki. Mabiyiya tana sakin sFlt-1, wato kan VEGFR1 mai yawo a jini, fiye da kima, ya kwashe VEGF da PlGF daga jini, sai jijiyoyin ƙoda da na sauran jiki su galabaita. An nuna haka a 2003, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa idan rabon sFlt-1 da PlGF bai wuce 38 ba, da wuya cutar ta bayyana cikin mako guda. A zazzaɓin cizon sauro mai tsanani Ang-2 yana hauhawa a jini. A sikila da ciwon suga, tsirar jijiyoyi marasa kyau a bayan ido na iya kai wa ga makanta. Duk waɗannan fagage ne da mai bincike a Jami'ar Bayero zai iya buƙatar makarɓi na haɗi, ko a matsayin ma'aunin ELISA, gwajin auna furotin da antibodi a ramukan faranti, ko a matsayin tarko.

Me zan duba kafin in ba da oda?

Na farko jinsi: na ɗan Adam ne, na ƙaramin ɓera ko na babban ɓera. Na biyu tsabta, wadda ake so ta haura kashi 90 cikin 100. Na uku endotokzin, gubar da ke fitowa daga bangon bakteriya. Kada ya wuce EU 1, wato ma'aunin endotokzin ɗaya, a kowane maikirogiram (µg), kuma ga aikin ƙwayoyi masu rai wanda ke ƙasa da 0.1 ya fi, domin endotiliyam yana jin wannan guba da sauri, ya ba ku sakamakon da ba na furotin ɗinku ba. Na huɗu, a tabbata kamfanin ya gwada aikinsa ya rubuta adadin, ba nauyinsa kaɗai ba.

Sai batun BSA, furotin da ake cirowa daga jinin saniya. Wasu kwalabe suna zuwa da shi a gauraye don ya kare furotin ɗin, wasu babu. Ga zuba wa ƙwayoyi ko yin ma'aunin ELISA, mai BSA ya fi daɗewa. Ga shafa wa faranti, manna masa launi ko biyotin, ko yi wa dabba allura, sai marar BSA, domin BSA ɗin ya ninka furotin ɗinku yawa sau da dama kuma shi zai mamaye wurin.

Shawararmu ga mai aiki a Kano: a sayi busasshen gari, kuma ƙananan kwalabe biyu ko uku da aka haɗa a rukuni ɗaya sun fi babba guda, ko da kuɗin ya ɗan ɗara. Kwalbar da ba a buɗe ba ita ce ke jure yanayinmu.

Kayan sun iso, ƙanƙarar da ke cikin kwalin ta narke. Sun lalace ke nan?

Ya danganta da abin da aka aiko. Busasshen gari yana jure kwanaki a zafin ɗaki, shi ya sa kamfanoni da yawa suke aiko shi ba tare da ƙanƙara ba. Narkewar ƙanƙara kaɗai ba dalilin zubarwa ba ce. A duba garin. Idan fari ne, busasshe, to madalla. Idan ya shanye ya zama kamar danƙo ko ya yi ɗanko a gindin kwalba, danshi ya shiga ko zafi ya yi yawa, a ɗauki hoto a sanar da dillali a ranar.

Wanda aka aiko a ruwa a daskare, musamman ɓangaren kainis, wato gindin makarɓin na cikin ƙwaya, da ake gwada magunguna da shi, hukuncinsa daban. Wannan a busasshiyar ƙanƙara mai sanyin −78°C yake tafiya, kuma idan ya iso a narke da ɗumi, kada a karɓa ba tare da magana ba.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano yakan haura 40°C, cikin mota a rufe kuwa ya fi haka nesa. A kammala takardun kwastam kafin kayan su sauka, a tura mai ɗaukowa da kula mai ƙanƙara a ciki, kuma a roƙi dillali ya tsara isowar a farkon mako, kada kwali ya kwana Asabar da Lahadi a sito.

Yaya ake narkar da garin daidai?

Kada a narkar sai an shirya fara aiki. Idan lokacin ya yi, ga yadda ake bi:

1. A fito da kwalbar daga firiza a bar ta a rufe minti 15 zuwa 20 ta dawo zafin ɗaki. Buɗe ta da sanyi yana sa raɓa ta sauka a kan garin, abin da ya fi tsanani a watan Agusta.
2. A juya ta a santirifuj na daƙiƙa 20 zuwa 30, garin da ya maƙale a murfi ya sauko. A lokacin hunturu busasshen gari yakan tashi da an buɗe.
3. A zuba PBS, ruwan gishiri mai fosfet, marar ƙwayoyin cuta. Yawancin makarɓa masu Fc ana narkar da su a 100 µg/mL. Kwalbar 50 µg ke nan tana son 500 µL, ta 100 µg kuma millilita 1. A zuba a hankali ta jikin bangon kwalba.
4. A rufe, a riƙa karkata ta a hankali, a ba ta minti 15 zuwa 30. Ba a sa ta a na'urar girgiza, ba a kuma tayar da kumfa da fifet. A fuskar kumfa furotin yake warwarewa.
5. Idan aikin ya yarda da BSA, a sa kashi 0.1 cikin 100, wato milligiram 1 a kowace millilita, mai ƙarancin endotokzin.

Kada a sa sinadarin DTT ko makaftoetanol a ruwan. Suna tsinka haɗin salfa, kawunan biyu su rabu.

Kwalbar kamar babu komai a ciki. An turo mana fanko ne?

A'a. Maikirogiram 25 ko 50 marar BSA ido ba ya ganinsa, sai ɗan dusu-dusu a jikin gilashi. A juya, a zuba ruwan, a tabbata ya taɓa ko'ina a bangon.

Bayan narkarwa, yaya za a raba, kuma kwana nawa zai yi?

Busasshe a −20°C zuwa −70°C yana kai wata 12. Narkakke a firji, tsakanin 2°C da 8°C, wata ɗaya idan ba a bar ƙwayoyin cuta sun shiga ba. Narkakken da aka daskarar, wata uku.

A raba shi nan take zuwa ƙananan tiyub na folifirofilin marasa riƙe furotin, kowanne da abin da gwaji ɗaya zai cinye. Kada kason ya gaza 20 µL. Ƙasa da haka, abin da ke mannewa a bango da abin da ke bushewa ya yi yawa idan aka gwada da abin da ya rage. Daga 500 µL za a sami kaso 20 na 25 µL. Masu murfin murɗawa da zoben roba sun fi masu murfin dannawa. A rubuta suna, ƙarfi, lambar kwalba da kwanan wata da alƙalamin da barasar goge-goge ba ta wankewa.

A ajiye shi da kaurinsa. Furotin da aka tsinka zuwa 1 µg/mL babu BSA, babban rabonsa a bangon tiyub yake ƙarewa. Tsinkawa a ranar aiki ake yi. Kason da aka narkar aka yi amfani da rabi, ragowar firji zai shiga a ƙarar cikin 'yan kwanaki, ba firiza ba.

Me ya sa daskarewa da narkewa akai-akai ke ɓata shi, alhali duk cikin sanyi ne?

Wannan ne ya fi kashe furotin a ɗakunan gwajinmu, ya fi zafin hanya ɓarna. Idan ruwa ya fara daskarewa, tsantsar ruwa ce ke zama ƙanƙara, gishiri da furotin su matsu a ɗan ruwan da ya saura, kaurin gishirin ya ninka sau da yawa. A ruwan sodiyam fosfet, irin wanda ke cikin PBS, ɗaya daga cikin gishirin biyu yana rigan ɗayan ƙanƙarewa, sai pH ya faɗo daga 7 zuwa kusan 4, wato ruwan ya yi tsami. Ga kuma fuskar ƙanƙarar kanta, inda furotin ke mannewa ya buɗe. Wanda ya buɗe yana cuɗewa da 'yan'uwansa su dunƙule, kuma dunƙulen ba ya komawa.

Kowane zagaye yana cin nasa rabon. Abin takaicin shi ne ruwan yakan kasance garau, nauyin furotin bai ragu ba, amma kamun ya yi rauni. Shi ya sa ake so a daskarar da sauri, a narkar a kan ƙanƙara ko a tafin hannu, da ya narke a mayar kan ƙanƙara. Sugan tirehalos kashi 5 cikin 100 yana rage wannan ɓarna, kuma kamfanoni da dama da shi suke busar da kayansu.

Wace firiza ce ta dace?

Ba wadda ke narkar da ƙanƙararta da kanta ba. Irin wannan tana ɗumama cikinta lokaci-lokaci, ita ce kuwa aka fi sayarwa don gida. A nemi wadda ake kankare wa ƙanƙara da hannu, kuma ta kwance mai murfi a sama ta fi ta tsaye riƙe sanyi. A cika wuraren da babu kaya da robobin ruwa daskararru. Akwatin furotin ya zauna can ƙasa a tsakiya, ba a ƙofa ba.

Firizar −80°C tana da kyau idan akwai wutar da za ta riƙe ta. Galibinsu an yi su ne su yi aiki a ɗakin da bai wuce 32°C ba, saboda haka a Kano sai da na'urar sanyaya ɗaki. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iskarta, a riƙa wankewa duk wata. A sa mata sitabilaiza da abin jinkirta kunnawa na minti 3 zuwa 5, don kada kwamfuresa ta ƙone wajen sauyawa tsakanin wutar gari da janareto. A ganinmu, −20°C da ke kan sola da batir ba ta yankewa ta fi −80°C da ke mutuwa kowane dare.

An ɗauke wuta cikin dare, janareto bai tashi ba. Ta yaya za mu san ko kayan sun narke?

Kada a buɗe firizar don dubawa sai wuta ta dawo ko an tanadi inda za a mayar da kayan. Hanya mafi inganci ita ce ƙaramar na'urar da ke rubuta sanyi kowane minti 10 ko 15, a ajiye ta cikin akwatin furotin ɗin. Idan babu, a cika tiyub rabi da ruwan gishiri mai launi, a daskarar, sannan a kifa shi a cikin akwatin. Duk ranar da aka ga launin ya gangaro murfi, an narke, ko da an tarar da komai a daskare.

Kwalaben da ba a buɗe ba babu abin da zai same su. Kason da suka narke sau ɗaya amma suna da sanyi, a yi musu alama, a gwada ɗaya a gefen sabo kafin a dogara da su. Waɗanda suka ɗumama, a bar su ga gwajin koyo.

Ba mu da firizar da za a dogara da ita. Akwai mafita?

Akwai biyu. Ta farko, a tattara duk samfura da sauran kayan aiki tukuna, a narkar da kwalba ɗaya, a ajiye a firji mai sola irin na allurar rigakafi, a gama aikin cikin wata guda. Ta biyu, a gauraya da giliserol rabi da rabi. Wannan ba ya daskarewa a −20°C, don haka hawa da saukar sanyi ba ya haifar da ƙanƙara. Sai dai giliserol yana da kauri, a ja shi a hankali da fifet, kuma a tabbata abin da zai isa ga ƙwayoyi ya tsinke sosai, a sa daidai wannan adadin a ramukan kwatance. Sodiyam azaid yana hana ƙwayoyin cuta girma, amma guba ne ga ƙwayoyi masu rai kuma yana kashe HRP, sinadarin fitar da launi da ELISA ke dogara da shi.

Nawa zan zuba don in toshe VEGF a gwaji?

Da yawan ƙwayoyin sinadari ake lissafi, ba da nauyi ba. VEGF165 mai kai biyu nauyinsa kusan kDa 38 ne (kDa ma'aunin nauyin ƙwayar furotin ne), VEGFR2-Fc mai kai biyu kusan 220. Ke nan 10 ng/mL na VEGF165 ya kama 0.26 nM, ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari a ruwa. Don a ninka shi goma ana buƙatar 2.6 nM na makarɓin, wato kusan 570 ng/mL. Wanda ya zuba 10 a kan 10 zai ce tarkon bai yi aiki ba, alhali bai kai ko ɗaya bisa biyar na abin da zai kama ba.

A jera ƙarfi daban-daban, ana ninkawa uku-uku. A gauraya makarɓin da VEGF a bar su minti 30 zuwa awa ɗaya kafin a zuba wa ƙwayoyin. Idan HUVEC ne, ƙwayoyin endotiliyam na jijiyar igiyar cibiya, a yi aiki da waɗanda ba su wuce shuka ta shida ba, a ruwan da aka rage wa siram, wato ruwan da ke saura bayan jini ya gudaje, da sinadaran girma. Inda babu kayan kiwon ƙwayoyi, gwajin tantanin ƙwan kaza mai ɗan tayi yana nuna tsirar jijiya da kuɗi kaɗan.

A jel ya fito sama da nauyin da aka rubuta. Gurɓatacce ne?

Sugan da ke jikinsa ne. VEGFR2-Fc mai kai ɗaya kusan kDa 110 ne a lissafi, amma a SDS-PAGE, jel ɗin da ke ware furotin bisa nauyi, idan aka sa DTT yakan tsaya wajen 160. Idan ba a sa DTT ba, zai fito kusan ninki biyu. Abin damuwa shi ne jerin ƙananan layuka a ƙasa, alamar ya gutsuttsure, ko abu da ya maƙale a bakin rami alhali an sa DTT, alamar dunƙulewa. Idan ruwan ya yi hazo, a juya shi a 10,000 g na minti 10 a 4°C a ɗebi na sama, a sake auna ƙarfinsa. Auna furotin a 280 nm ba shi da amfani idan akwai BSA a ciki.

Wane kuskure ne ke ba da sakamakon ƙarya a ELISA?

Ana shafa faranti da 1 zuwa 2 µg/mL, 100 µL a rami, ya kwana a 4°C, a toshe da BSA kashi 1, a wanke da PBS mai sabulun Tween 20 kashi 0.05. A rufe farantin da leda mai manne, domin a bushewar hunturu ramukan gefe suna ƙafewa su ba da adadi mafi girma. Dole a sa ramukan da aka shafa wa jelar Fc zalla, a ga abin da jelar ke kamawa ita kaɗai. Idan antibodi na biyu na kama IgG na ɗan Adam ne, zai kama jelar makarɓin kanta, farantin duka ya yi launi.

Samfurin jini ma yana da nasa sharaɗin. VEGF a siram ya fi na filasma, wato ruwan jinin da aka hana gudajewa, yawa, saboda ƙwayoyin daskarar da jini suna sakinsa yayin gudajewa. Heparin, maganin hana gudajewar jini, da aka yi wa majiyyaci allura yana ɗaga sFlt-1 a jininsa. A zaɓi nau'in tiyub ɗaya ga duk mahalarta binciken, a kuma rubuta lokacin da ya wuce tsakanin ɗibar jini da juyawa.

Tunda tsarinsa ɗaya da maganin ido, za a iya yi wa majiyyaci allurarsa?

Ko kusa. An rubuta a jikin kwalbar cewa na bincike ne kawai. Ba a haɗa shi bisa ƙa'idar haɗa magani ba, ba a tantance shi don jikin mutum ba, kuma mai BSA yana ɗauke da furotin saniya. Ko a dabba, sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, da marar BSA, da endotokzin ƙasa da 0.1, kuma a tace shi da matatar 0.2 µm marar riƙe furotin kafin allura.